Muhawara: Fim ɗin Indiya da muke kallo da wanda Indiyawa suke kallo, anya ɗaya ne?

Nura Usman (Delhi):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai zan faɗe ta. Mu a gida in mun zauna gaban fim ɗin Indiya, jarumi muke gani da jaruma da bos. Shi kuwa Ba'indiye, tun kafin fim ya fito ya riga ya san ɓangaren da yake: na masu mulki ne ko na 'yan adawa, wa aka yi shi don a faranta wa, wa aka yi shi don a baƙanta wa. Abokan karatuna a nan, Hindu da Musulmi da Sikh, in ka tambayi mutum ko ya kalli fim kaza, daga amsarsa za ka gane jam'iyyar da gidansu yake yi.

Ga misali. A watan Maris na 2022 aka saki The Kashmir Files, a kan gudun hijirar Hindun Kashmir a 1990. Firaminista Narendra Modi ya yabe shi a fili. Jihohin da jam'iyyarsa ta BJP take mulki irin su Uttar Pradesh da Gujarat da Madhya Pradesh suka ɗauke masa haraji don tikiti ya yi sauƙi. A Assam har hutun rabin yini aka ba ma'aikatan gwamnati su je kallo. Bidiyoyi suka yi ta yawo na mutane suna miƙewa a cikin sinima bayan an tashi, suna ihun zagin Musulmi. Fim ne da aka yi da kuɗi kaɗan, ya tara sama da rufi biliyan 3.

A Mayun 2023 sai ga The Kerala Story. Tallarsa ta farko ta ce mata 32,000 aka musuluntar a jihar Kerala aka tura su ƙungiyar IS. Da aka je kotu sai lissafin ya koma labarin mata 3. Kotun Ƙoli ta ɗage haramcin da jihar West Bengal ta sa masa, amma ta ce dole a rubuta a jikinsa cewa babu sahihiyar hujja a kan wancan adadi. Duk da haka, da aka sanar da kyaututtukan fim na ƙasa a 2025, daraktansa aka ba gwarzon darakta.

Tambayata ita ce: mu da muke son fina-finan nan tun kakanni, mun san abin da muke kallo yanzu kuwa?

Shamsu Mai Tura:
Wa alaikumus salam Malam Nura. Ni da nake shago zan gaya maka gaskiya, waɗannan biyun da ka lissafa ko mutum ɗaya ban tuna ya zo nemansu ba. Mai zuwa tura fim faɗa yake so, da fassara mai daɗi, da jarumin da zai daki mutum ashirin. Siyasar Delhi ba ta iso layinmu ba.

Alhaji Garba Fagge:
Nura yarona, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Mu da muka yi layin tikiti a Plaza da Orion da El Dorado, abin da ya ja mu ga Indiya ba rawa ba ce kaɗai. Kunya muka gani, da biyayya ga iyaye, da talaka yana neman haƙƙinsa a hannun mai kuɗi. Kuma Musulmi a fim ɗin wancan zamani mutum ne kamar kowa. A 1977 aka yi Amar Akbar Anthony, 'yan'uwa uku ciki ɗaya da ƙaddara ta raba, ɗaya ya tashi a hannun Hindu, ɗaya a hannun Musulmi, ɗaya a coci, kuma babu wanda aka nuna addininsa ya fi na wani daraja. A 1983 Amitabh Bachchan da kansa ya fito a Iqbal ɗan dako a Coolie, da lamba 786, wadda Musulmin Indiya suke ɗauka a madadin Bismillah, a damtsensa. Ranar da aka haska shi a Kano sinima kamar za ta tsage.

In koma baya ma, akwai waƙar bautar Hindu a Baiju Bawra na 1952 da har yau suke ji da ita. Wanda ya rubuta Shakeel Badayuni, wanda ya tsara kiɗan Naushad, wanda ya rera Mohammed Rafi. Musulmi uku. Wannan ita ce Indiyar da na sani. Jikokina sun kunna min wani na kwanan nan, duk wanda ya sa kwalli da gemu da hula shi ne mai dasa bam. Na ce su kashe.

Malam Idris Zariya:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. Wancan zamanin ba zuma ba ne zalla. Me ya sa Muhammad Yusuf Khan ya zama Dilip Kumar? Me ya sa Mahjabeen Bano ta zama Meena Kumari, Mumtaz Jehan ta zama Madhubala? Kasuwa ce ta nemi suna irin wannan. Sannan Musulmin da ake nunawa a da, in ka duba da kyau, kusan kullum amintaccen abokin jarumi ne da zai mutu don ya cece shi, ko tsohon liman, ko mawaƙiya a gidan attajirai. Ƙauna ce, na yarda, amma daga gefe aka ajiye shi.

Malam Nura kuma, kada a ɗauka BJP ce ta fara sa hannu a harkar fim. Lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, 1975 zuwa 1977, gwamnatin jam'iyyar Congress ta hana sa waƙoƙin Kishore Kumar a gidan rediyon ƙasa saboda ya ƙi yi mata waƙa. An dakatar da fim ɗin Aandhi don ana ganin jarumar ta yi kama da Indira. An ƙone faifan Kissa Kursi Ka gaba ɗaya. A 1995 an jefa bam gidan darakta Mani Ratnam saboda fim ɗin Bombay. A 2010 'yan jam'iyyar Shiv Sena mai kishin Hindu sun yi wa My Name Is Khan bore, lokacin Modi bai hau mulkin ƙasa ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi min muhimmanci. Hindun Kashmir an kashe wasunsu da gaske, an kore su daga gidajen kakanninsu da gaske, da yawa sun yi shekaru a sansanonin Jammu. Kada ƙin fim ya sa mu ƙaryata zaluncin da aka yi wa mutane don ba addininmu ɗaya ba.

Nura Usman (Delhi):
Malam Idris, maganarka ta ƙarshe na karɓa hannu biyu, kuma ba ni kaɗai ba. Akwai abokina ɗan asalin Kashmir, Hindu, iyayensa suna cikin waɗanda suka gudu. Ya ce mahaifiyarsa ta yi kuka a sinima, don a shekara talatin ba kasafai ake ba da labarinsu a babban allo ba. Amma shi da bakinsa ya ce abin da ya dame shi shi ne fim ɗin bai bar ko Musulmin Kashmir ɗaya mai mutunci ba, alhali maƙwabcinsu Musulmi ne ya taimaka musu suka fita, kuma Musulmin Kashmir dubbai ne suka mutu a wannan rikicin. Ya ce an ɗauki hawayensu an je neman ƙuri'a da shi, su kuma har yau ba su koma gida ba.

Game da Indira, gaskiya ne duk abin da ka faɗa. Bambancin da Indiyawan nan suke nuna min shi ne, a da gwamnati hanawa take yi, kowa ya ga ta hana, jaridu su yi ta suka bayan ta sauka. Yanzu kuwa abu biyu ake haɗawa. Ana tallata wanda ake so daga sama, ana kuma barin taron jama'a su tsorata wanda ba a so. Uri: The Surgical Strike ya fito a Janairun 2019, wata uku kafin babban zaɓe, ministoci suna maimaita kalamansa a taro. Article 370 ya fito a Fabrairun 2024, shi ma dab da zaɓe, Modi ya ambace shi a gangami a Jammu kafin a sake shi. The Sabarmati Report kuwa a harabar majalisa ya zauna ya kalla tare da ministocinsa a Disamban 2024.

A ɗaya gefen, a 2021 an shigar da ƙararraki a jihohi daban-daban a kan shirin Tandav, sai da aka yanke wasu wurare, Amazon ta ba da haƙuri. Tun daga lokacin marubuci yake tace kansa tun a takarda, kafin ma a kai ga hukumar tace fina-finai.

Zainab Sale (Hyderabad):
Yaya Nura, ina tare da kai a yawancin maganar, sai dai kalmar “Indiyawa” ta yi faɗi. Kai kana arewa, inda Hindi yake sarauta. A nan kudu mutane da yawa fim ɗin Hindi ba shi ne gabansu ba sam. Mai Telugu yana da jarumansa, mai Tamil da nasa, mai Malayalam da mai Kannada haka. Ƙawayena 'yan Kerala, Hindu da Kirista, The Kerala Story cin mutuncin jiharsu suka ɗauke shi, ba ma maganar Musulmi kaɗai ba. Suna alfahari da cewa jiharsu ce kan gaba a karatu a duk ƙasar, sai a zo a nuna ta a matsayin masana'antar 'yan ta'adda. A Tamil Nadu masu manyan sinimomi janye shi suka yi bayan kwana biyu.

Kuma yanzu kudu ce take ciyar da arewa. Baahubali na biyu a 2017, fassararsa ta Hindi ita ta fara haye rufi biliyan 5 a cikin ƙasa, kafin kowane fim da aka yi da Hindi tun asali. Pushpa na biyu a Disamban 2024 ya zo ya wuce nan nesa. Direban keke mai ƙafa uku a Bihar ya fi ganin kansa a jikin Pushpa, ɗan ƙwadago mai datti a riga, fiye da yaran masu kuɗin Mumbai da suke soyayya a Landan.

Shamsu Mai Tura:
To Anti Zainab kin zo wurina. Kashi mafi yawa na abin da muke turawa da sunan Indiya-Hausa na kudu ne. Allu Arjun, Prabhas, Vijay, Mahesh Babu, Yash. Yaran yanzu wasu ba su ma san Govinda ba. Kenan mu mun tsira daga wannan siyasar?

Zainab Sale (Hyderabad):
Ba duka ba, Malam Shamsu. Duba ƙarshen RRR, yadda aka shirya jarumin da baka da kibiya da tufafi ruwan lemo, siffar Ram, abin bautar Hindu, sak. Mai kallo a Kano zai ga ado ne, mai kallo a nan ya san me ake nufi. Wanda ya rubuta labarin, Vijayendra Prasad, mahaifin darakta Rajamouli, an naɗa shi ɗan majalisar dattawa a 2022, kuma shi ya faɗa da bakinsa yana rubuta labari a kan RSS, ƙungiyar kishin Hindu da BJP ta samo tushe daga cikinta. Sannan a Maris na 2025 fim ɗin Malayalam, Empuraan, ya nuna rikicin Hindu da Musulmi mai kama da na Gujarat na 2002. Aka yi masa ca, jarumin Mohanlal ya ba da haƙuri, masu fim ɗin da kansu suka koma suka yanke wurare bayan an riga an fara haskawa. A Kerala fa, inda BJP ba ta taɓa kafa gwamnati ba.

Hajiya Rabi Maman Ikram:
Ni dai ina karantawa ina jinjina kai. Na yi jinyar mahaifiyata a wani asibiti kusa da Delhi, kuma wallahi masu jinyar nan, yawancinsu Hindu da Kiristocin Kerala, sun riƙe ta kamar uwarsu. Mai kawo mana abinci Musulmi ne, mai gidan da muka kama haya Hindu ne, kullum tare suke shan shayi. Shi ya sa nake tambaya, Nura ƙanena, anya ba a intanet da talabijin wutar nan ta fi ci ba? Don ni a titi ban ga wannan gabar ba.

Nura Usman (Delhi):
Hajiya, abin da kika gani gaskiya ne, haka yawancin rayuwa take a nan. Amma wani lokaci abin yana sauka daga allo zuwa titi. A 14 ga Fabrairun 2025 aka saki Chhaava, labarin Sambhaji, sarkin Hindu na daular Maratha da Aurangzeb, sarkin Musulmi na daular Mughal, ya sa aka kashe a 1689. An ja wurin azabtarwar sosai, har ana ganin mutane suna fita daga sinima da kuka da ihu. Bayan makonni sai ƙungiyoyi suka tashi da neman a tone kabarin Aurangzeb da yake Khuldabad, mutumin da ya mutu tun 1707. Ranar 17 ga Maris rikici ya ɓarke a Nagpur, aka ƙona motoci, aka sa dokar hana fita. Babban ministan Maharashtra, Devendra Fadnavis, ɗan BJP, ya faɗa a majalisar jiha cewa fim ɗin ya hura fushin mutane a kan Aurangzeb.

Abokina Musulmi ɗan Lucknow, mai son sinima ne na gaske, ya ce shi yanzu kafin ya sayi tikiti sai ya duba irin fim ɗin da unguwar da sinimar take. Wasu fina-finan jira yake su hau waya ya kalla a ɗaki. Ya ce ba Aurangzeb ne ya dame shi ba, sarki ne da ya yi yaƙe-yaƙensa ya kashe har 'yan'uwansa. Abin da ya dame shi shi ne in an kunna fitila, shi ake juyowa a kalla. Musulmin Indiya kashi 14 cikin ɗari ne a ƙidayar 2011, mutum sama da miliyan 170. Ba baƙi ba ne.

Musa Damagaram:
In haka ne me muke jira? Mu daina kallo kawai. Kuɗinmu da lokacinmu ba za su tafi ga masu zagin addininmu ba.

Malam Idris Zariya:
Malam Musa, a yi hattara. Na farko, wane kuɗi? Yawancin abin da ake kallo a ƙasashenmu ko kwabo ba ya komawa Mumbai. Na biyu, ƙaurace wa Bollywood kira ne da masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka fi kowa yi, don a ganinsu masana'antar ta cika da Musulmi da masu sassauci. Bayan mutuwar jarumi Sushant Singh Rajput a Yunin 2020 kiran ya yi ƙarfi ƙwarai. In ka ƙaurace wa duka, ka shiga sahu ɗaya da su ba ka sani ba.

Sannan ina so mu yi wa mai kallo na Indiya adalci, don ba rago ba ne da ake ja da igiya. Fim ɗin PM Narendra Modi na 2019, wanda hukumar zaɓe ta hana a saki sai bayan an gama jefa ƙuri'a, bai yi wata kasuwa ba. Samrat Prithviraj na 2022 an ɗauke masa haraji a jihohi, manyan 'yan siyasa sun je kallo, ya faɗi warwas. The Vaccine War, na daraktan The Kashmir Files ɗin nan dai, ya faɗi. Emergency na Kangana Ranaut, wadda 'yar majalisar BJP ce tun 2024, ya faɗi. Adipurush, labarin Ram da kansa, Hindu ne suka fi kowa sukarsa. Kenan tutar jam'iyya ba ta sayar da fim in ba shi da daɗi.

Zainab Sale (Hyderabad):
Kuma ga Pathaan na Shah Rukh Khan. An yi ta kumfar baki a kan launin kayan da Deepika Padukone ta sa a waƙa ɗaya, har ministan cikin gida na Madhya Pradesh na lokacin, Narottam Mishra, ya yi barazana. Aka ƙona hotuna, aka ce ba mai zuwa. Ya fito 25 ga Janairun 2023 ya tara sama da rufi biliyan 10 a duniya. A Satumba Jawan ya zo ya wuce shi. Ni na kalli Jawan a sinima a nan. Akwai wurin da Shah Rukh Khan ya fuskanci kyamara yana gaya wa mutane su yi wa mai neman ƙuri'arsu tambayoyi kafin su dangwala, kada su duba addini ko ƙabila. An taɓo manoman da bashi yake sa su kashe kansu, an taɓo yaran da suka mutu a asibitin gwamnati don rashin iskar numfashi, kowa ya tuna Gorakhpur ta 2017. Tafi da fito har ba ka jin magana. Kuma kowa a ɗakin ya san an kama ɗansa Aryan a Oktoban 2021 a kan zargin ƙwaya, ya yi makonni a tsare, daga baya a 2022 hukumar ta wanke shi. Wata ƙawata Hindu ta ce ita tikitin da ta saya na nuna goyon baya ne.

Nura Usman (Delhi):
Zainab, haka ne, amma ki duba farashin da aka biya. A Pathaan shi Musulmin jarumi sai da ya zama sojan leƙen asiri mai yaƙi da makircin janar ɗin Pakistan kafin a karɓe shi. A shekarar dai Gadar 2 ya tara sama da rufi biliyan 5 da ihun Pakistan. Kuma manyan Khan ɗin nan uku sun yi tsit. A 2015 Aamir Khan ya ce matarsa ta lokacin, Kiran Rao, ta taɓa tambayarsa ko su bar ƙasar saboda tsoro. Kamfanin Snapdeal da yake yi wa talla ya rabu da shi, kuma da Laal Singh Chaddha ya fito a 2022 aka tono maganar aka yi ta kiran a ƙaurace masa.

Malam Idris Zariya:
Ranar da Laal Singh Chaddha ya fito, 11 ga Agustan 2022, ranar ce Raksha Bandhan na Akshay Kumar ya fito, mutumin da ya yi wa Modi hira ta musamman a 2019. Dukansu biyu suka faɗi. A shekarar mutane ba su gama dawowa sinima daga korona ba, tikiti ya yi tsada, kowa ya saba da kallo a waya. Ba kowace faɗuwa ce ƙauracewa ta jawo ba, ko da masu kiran sun yi iƙirarin nasara.

Nura Usman (Delhi):
Na yarda ba za a iya rabe dalilan ba. Amma furodusa ba ya jiran hujja, tsoro ya ishe shi. Bayan harin Pahalgam a Kashmir na 22 ga Afrilun 2025, inda aka kashe mutum 26, fim ɗin Fawad Khan ɗan Pakistan da aka shirya saki a Mayu bai ga sinimar Indiya ba. Da sojojin Indiya suka kai wa Pakistan farmakin da suka kira Operation Sindoor, cikin kwanaki furodusoshi suka yi ta rige-rigen rajistar sunan, gawarwaki ba su gama sanyi ba. Wannan ya ɓata wa Indiyawa da yawa rai, har da masu goyon bayan farmakin.

Akwai kuma wani ɓangare da mu ba ma gani sam, wato bambancin asali tsakanin Hindu su kansu. Abokaina 'yan Dalit, waɗanda aka ajiye a ƙasan tsani, suna cewa su matsalarsu da Bollywood ta girmi Modi. Ka duba sunan jarumi a fim ɗari, kusan duka sunayen manyan gidaje ne. Ko Article 15 na 2019 da ya yi maganar zaluncin da ake musu, ɗan sanda Brahmin, wato na saman tsani, shi ne ya zo ya cece su. A 2025 aka yi fim a kan Jyotirao Phule da matarsa Savitribai, waɗanda suka buɗe wa 'yan mata makaranta a Pune a 1848, sai ƙungiyoyin Brahmin suka yi ƙorafi, aka ɗaga ranar fitowa, hukumar tacewa ta sa aka cire wasu kalmomi na asali.

Alhaji Garba Fagge:
Idris, na ji jan da ka yi min kuma ban ƙi ba, Yusuf Khan ya sake suna. Amma ko da sunan aro, ƙasar gaba ɗaya ta san Musulmi ne, ta kuma ɗora shi a kai. Mai ajiye ka a gefen tabarma da mai nuna ka da yatsa a kasuwa ba ɗaya ba ne. Ni abin da yake ba ni tsoro ba Indiya ba ce, mu ne. Mun san abin da fim da wa'azi da waƙa suke iya yi in an ce wa mutum maƙwabcinsa ne maƙiyinsa. Mun gani a Kaduna, mun gani a Jos. Masu shirya fim ɗinmu sun kwaikwayi rawa da waƙa daga Indiya, ina roƙon Allah kada su kwaikwayi wannan.

Hajiya Rabi Maman Ikram:
Amin Baba. To ku da kuke can, ba sauran masu kyau ne? Don ni ba zan iya daina kallo ba, gara a nuna min na kirki.

Zainab Sale (Hyderabad):
Akwai su Hajiya, sai dai ba su da hayaniya. 12th Fail na 2023, yaron ƙauye talaka da yake faɗuwa jarrabawa yana sake tashi har ya zama babban ɗan sanda, labarin gaske ne, kuma baki da baki ya tallata shi. Laapataa Ladies na Kiran Rao, amare biyu da aka musanya a jirgin ƙasa saboda lulluɓi, za ki yi dariya ki yi tunani. Sai Homebound na 2025, abokai biyu 'yan ƙauye ɗaya, Musulmi da Dalit, suna neman aikin ɗan sanda don a daina raina su, kullen korona ya rutsa da su a hanya. Daraktansa Neeraj Ghaywan shi kansa Dalit ne. An nuna shi a bikin Cannes a Faransa, kuma shi Indiya ta tura gasar Oscar.

Shamsu Mai Tura:
Anti Zainab na rubuta sunayen. Matsalar ita ce irin waɗannan masu fassara ba sa taɓa su, don ba faɗa a ciki, ba sa tafiya a shago. Chhaava kuwa akwai takobi da doki da jini, irin wanda yara suke so. In an kawo min shi da fassara, in tura ko kada in tura?

Musa Damagaram:
Kada ka tura.

Malam Idris Zariya:
Ni ban ce kada ka tura ba. In kai ka ƙi, shagon gaba zai tura. Abin da nake so shi ne masu fassara su san abin da suke fassarawa. Suna da bakin da suke ƙara zance a kan komai, har barkwancin da babu shi a asali. Me zai hana a farkon fim a ce wa mai kallo, wannan labarin ɓangare ɗaya ne, a rundunar Aurangzeb akwai manyan hafsoshi Hindu 'yan Rajput, a rundunar Maratha akwai Musulmi, yaƙin sarauta ne da ƙasa? Minti ɗaya ya isa.

Nura Usman (Delhi):
Malam Idris, minti ɗaya na bayani ba zai goge awa biyu da rabi na hoto ba. Yaron da ya ga mai salla yana sa a ƙwaƙule idon mutum, hoton zai riƙe, ba gargaɗin farko ba. Malam Shamsu, ni a nawa ra'ayin ka bar wannan ɗin, ka nemi mai fassara ɗaya ka ce ya gwada 12th Fail. Ɗaliban da suke fama da JAMB shekara da shekaru za su gane yaron nan tun a minti goma na farko.

Shamsu Mai Tura:
Akwai wanda nake karɓar kaya a wurinsa, gobe in sha Allah zan kai masa maganar. Amma sai na ce masa mutum nawa za su saya, don ba zai shiga situdiyo a kan mutum biyar ba. Duk mai so ya ɗaga hannu a nan in ƙirga.

Hajiya Rabi Maman Ikram:
Sa ni, da 'ya'yana biyu. Ka tambaye shi har da na amaren nan.